Na'ura Biyu a Ɗaki Guda

Shekarar da aka rufe iyaka, albasa ta ruɓe mana cikin rudu, rumbun da muke aje ta, ita ce shekarar da na fara riƙon bik, wato alƙalami. Da wari nake tuna ta. Duk inda ka bi cikin gari sai ka toshe hanci. Mata suna kwasar ruɓaɓɓiya a kwando suna zubarwa bayan gari, awaki ma sun shinshina sun juya. Babu motar da ta zo ɗauka. Da aka gama girbin hatsi, ni da na saba tafiya ci-rani ban tafi ba, don babu hanya, kuma ƙafafun mahaifiyata sun fara kumbura. Ina zaune ba aikin komai sai ƙungiyarmu ta manoma ta buɗe ajin karatun manya a zaurenta. Na shiga da furfura a gemuna.

A cikin ajin nan aka ɗauki muryar Inna. Akwai maganar da ta yi a kaina wadda ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, kuma har yau ban ji ta ba. Yadda aka yi haka shi ne abin da nake so in rubuta, tunda yanzu hannuna yana iyawa, ko da yake a hankali.

Garinmu yana gefen hanyar Tabotaki, a gindin tudu, duwatsu sun fi ƙasa yawa. Mai koya mana tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya aje aiki ya dawo gida, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin lakwal a nan. Mushe ba ya son a koyi karatu da maganar da ba ta kowa ba. Ya ce yaro ake koya wa cewa akuya ta ci dawa. Babba kuwa ya je gida ya ɗauko maganar tsohon gidansu, ya zo ya saurara, ya rubuta abin da ya ji. An kawo mana tabilet guda biyar, wato allon gilashi mai ɗaukar murya. Mu kuwa mun fi ashirin, saboda haka karɓa-karɓa ake yi. Ka tafi da ita gida ka ɗauko magana, ka dawo a juye cikin babbar na'ura, a share allon a ba wani. Ranar da kake son saurare sai ka zauna a zaure ka sa abin kunne, allon ya jawo maka muryar daga cikin na'urar.

Na'urar ba guda ba ce, biyu ce. Wanda ya zo ya kafa su wani siriri ne mai tabarau daga Tawa, Hausarsa rabi Faransanci, muna ce masa Teknisiye. Ya aje guda a kan kanta cikin zaure. Gudar ya kai ta magaza, ɗakin siminti da ke can ƙarshen fili inda muke aje taki. Kowace da nata pano mai ɗaukar hasken rana a kan rufi, kowace da nata batir. Ya sa aka haƙa ɗan rami daga zaure zuwa magaza aka binne waya a tsakaninsu.

Ranar da ya gama ya tara mu ya yi mana bayani. Ya ce a manyan birane irin wannan kaya ana aje shi a abin da suke kira girgije, wato ɗakuna cike da na'urori a wata ƙasa, mutum yana nan yana amfani da su ta rezo, wato sabis na waya. Mu rezonmu sai an hau tudu, shi ma in ya ga dama. Don haka ya yi mana namu ƙarami a gida.

"Wagga ta zaure ita ke aiki," in ji shi. "Waccan ta magaza jira take."

Shugaban ƙungiyarmu, wanda muke kira Farzidan, ya ce, "Jiran mi?"

"Jiran wagga ta mutu."

Aka kwashe da dariya. Akwai taubashiyata a ajin, ɗiyar kawuna, mace mai baki, tana sayar da ƙuli a kasuwar Buza. Ta ce, "Ashe ƙarfe ma yana da magaji. To Allah ya sa ba irin magajin gidanmu ba ne, wanda ke leƙen tsoho kullum ya ga ko ya cika."

Teknisiye ya jira dariya ta lafa. Ya ce akwai wani tsari a cikinsu mai kula da su biyun, ya kira shi lojisiyel. Duk abin da aka zuba wa ta zaure, nan take sai ya bi waya ya shiga ta magaza. Kuma kowane numfashi suna gaisawa. Ta magaza ta ce kina nan, ta zaure ta ce ina nan. In ta yi gaisuwa ta sake, ta kuma sakewa ba a amsa ba, sai ta ɗauki kayan da kanta ba tare da ta tambayi kowa ba, ta kuma aika masa saƙo a wayarsa.

Wannan kowa ya gane shi. Haka muke yi da tsofaffinmu. Ka tsaya bayan danga da safe ka ce an kwana lahiya. In ba ka ji tari ko motsi ba, ka tura ƙyaure ka shiga.

Ya ce mu gani da idonmu. Ya kunna muryar Mushe tana karanta baƙaƙe, tana fita ta lasifika, sai ya kai hannu ya fizge wayar na'urar zaure. Fitilarta ta mutu. Muryar Mushe ta tsaya kamar mai haɗiye miyau, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wata tsohuwa ta yi salati. Farzidan ya tashi ya je magaza ya leƙa, ya dawo yana kaɗa kai.

Bayan haka Teknisiye ya ƙara wata magana, a kan dalilin da ya sa ya raba musu ɗaki da pano da batir. Ya faɗa. Ba zan ce bai faɗa ba. Amma lokacin an kira azahar, mutane suna neman takalmansu, taubashiyata tana roƙon a sake kashe Mushe a tayar. Abin da muka tafi da shi gida shi ne maganar gaisuwa.

Da layi ya zo kaina na ɗauki allon na kai gida, na aje gaban Inna, na ce ta yi magana. Ta dubi allon, ta dubi bango.

"In ce mi?"

"Duk abin da kika tuna, Inna. Na da."

"Ba ni tuna komi."

Ni ne ɗanta na fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce wa ƙannena, ku ce wa wancan ya zo. Da na yi gemu ta koma ce mini mai gemu. Ba ta taɓa yabona ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni doguwa ba, kuma ban taɓa jin haushin haka ba, don haka uwar kowa take da ɗan fari. Sai dai ban yi tunanin kunyar za ta bi mu har gaban na'ura ba.

Taubashiyata ce ta warware. Ta shigo ta iske mu shiru, ta ce, "Kai, tsohon ɗan lakwal, tashi ka ba mu wuri. Gwaggo ba ta magana gaban jarirai." Na fita. Ban kai ƙofar gida ba na ji muryar Inna ta tashi, har da dariya.

Zama shida suka yi a cikin watannin dari, da hantsi, a bakin murhu, ƙafafun Inna a miƙe kan tabarma. Ni ina can waje ina gyaran danga ko ina ba jaki ƙaiƙayi. Bayan zama na ƙarshe taubashiyata ta miƙo mini allon, ta riƙe shi ba ta saki ba.

"Yau ta yi maganarka."

"Mi ta ce?"

"Je ka ji da kunnenka. Ni rediyo ce?"

Ban je na ji ba. Dokar Mushe ita ce ba a tsallake. Ka saurari jimla guda, ka tsayar, ka rubuta, ka karanta masa, sannan ka wuce. Wasu suna karya dokar in ya juya baya. Ni ban karya ba, kuma ba don tsoron Mushe ba. Kunya nake ji. Yaya zan saurari abin da ta faɗa a kaina da rana, in koma gida da yamma in miƙa mata ruwan alwala? Na ce bari in bi layi. In na iso wurin, na iso.

Hannuna mai nauyi ne. Hannun da ya saba da hauya, in ya kama bik sai ya matse shi kamar zai gudu. Layi guda yana cinye mini rabin yini. A zama na farko Inna ta yi maganar kakanninta, yadda masu raƙuma ke saukowa daga arewa bayan girbi, su sauka gindin gawo, a fito da hatsi a auna musu ba tare da sun biya komai ba. Ta ce, "Ba su tambaya ba, mu ma ba mu ce komi ba. Munka auna, sunka ɗaure, sunka tahi." Na maimaita wurin nan har na haddace shi kafin in iya rubuta shi. A gidanmu ba a wannan magana. Ban san ta san ta ba. A zama na biyu ta yi maganar rijiyar da ta ƙafe, da shekarar da suka ci ganye, da wata saniya mai ƙaho guda da mahaifinta ya ƙi sayarwa har ta mutu a tsaye.

Ina tsakiyar saniyar nan Inna ta rasu, farkon bazara, ranar wata Talata da hantsi. Ba ta sha wahala sosai ba.

Bayan an share makoki na koma aji. Na sa abin kunne, sai ga ta tana tari, tana ce wa taubashiyata ta kori kaji. Na cire abin na fita waje na tsaya. Da na dawo Mushe bai dube ni ba, ya ci gaba da gyara wa wani harafi. Daga baya ya matso ya ce a hankali, "In kana so ka ji na ƙarshen, ji. Ba ni hana ka."

Na ce a'a. Ban iya yi masa bayani ba a lokacin. Yanzu ina iyawa. Muddin ban saurara ba, Inna tana da sauran maganar da za ta yi mini. Ina tashi da safe da sanin haka. Ba na son in cinye ta rana guda. Kuma mi zai sa in yi gaggawa? Abu yana wuri biyu.

Na ma ga amfanin wuri biyun da kaina. Wata rana da zafi ya kai inda ya kai, ina saurare, muryar ta ɗan tsaya ta ci gaba. Ban kula ba. Sai wani ya ce fitilar na'urar zaure ta koma ja. Zafi ne ya kwantar da ita, ta magaza ta karɓa, ba wanda ya rasa ko kalma guda. Teknisiye ya ga saƙo a wayarsa, ya zo a kan moto cikin satin, ya hure mata ƙura, ya canja ƴar fankar da ke ciki, ta tashi. Daga ranar hankalina ya kwanta ƙwarai. Har na riƙa yi wa ta magaza sannu in na je ɗaukar taki.

Cikin wannan bazarar batiran likitar garinmu, wato asibitinmu, suka mutu. Likitar ɗaki uku ce, da firigo mai sanyaya allurar yara, da fitila guda a ɗakin haihuwa. Babban ma'aikacin wurin, Majo, ya rubuta sama ya nemi sababbi, aka ce ya jira, kaya ba su shigowa yadda aka saba. Ya jira. Allurai suka fara lalacewa. Matar da ke karɓar haihuwa tana aiki da tocilar waya a baki.

Ya zo ya same mu a rumfar ƙungiya bayan la'asar. Ya gaisa da kowa, ya sha ruwa, ya yi maganar zafi, sannan ya ce ya ji muna da batir huɗu a magaza waɗanda ba a aiki da su.

Mushe ya ce, "Ana aiki da su. Na'urar jira suke ci da ita."

"Jira," in ji Majo. "To. Ni ma masu jira gare ni. Mata masu ciki guda tara, wasu wata bakwai, wasu wata takwas."

Cikin taran nan akwai ɗiyata. Akwai matar ɗan Mushe.

A garinmu ba a hana aron abin da yake aje. In kana da jaki biyu guda yana ɗaure, maƙwabci ba ya ma roƙo sosai, sanar da kai yake yi. Tsani, turmi, galma, tukunyar biki, duk haka suke yawo gida gida. Wanda ya ce a'a alhali abin yana jingine a bango, za a daɗe ana tuna masa, har a tuna wa ɗiyansa. To ga batir huɗu a ɗaki a kulle, suna ciyar da ƙarfen da ba ya komai sai gaisuwa.

Farzidan ya hau tudu ya kira Teknisiye, wayar ba ta shiga. An ce yana can dajin Garhanga yana wani aiki. Ya sauko yana share zufa.

"Ni ga abin da na gani," in ji shi. "Ba mu kashe ta. Amana ce. Mu ɗauko ta mu kawo ta nan kusa da ƴar'uwarta, su ci batir guda. Na zaure shida ne, sun ishe su. Majo ya ɗauki na magaza, in nasa sun zo ya maido."

Mushe ya ce, "Mutumen nan ya ce a bar su yadda suke."

"Ya ce su riƙa gaisawa. To wa ya fi jin gaisuwa, na ɗaki guda ko na ƙarshen fili?"

Taubashiyata ta ce, "Ai ko ni tausayinta nake ji. Ita kaɗai cikin taki, ba mai ce mata ci kanki."

Aka yi dariya, Mushe ma ya yi murmushi ya buɗe hannuwa. Na ga maganar Farzidan daidai ce, kuma ɗiyata nake tunani.

Da kulawa aka yi aikin. An kira mai gyaran rediyo na garin ya kwance wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu zare mai launi don kada a rikice. Aka naɗe na'urar cikin bargo aka kawo ta zaure kamar jinjiri. Aka share kantar, aka aje ta gefen gudar, aka haɗa su da gajeriyar waya. Muka tsaya muna kallo. Fitila ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, ta koma kore. Kore biyu, gefe da gefe. Wata mata ta kawo ƙyalle mai ado ta rufa musu a kai saboda ƙura.

Da aka samu Teknisiye a waya bayan ƴan kwanaki, Farzidan ya ce masa mun ɗan gyara wurin. Ba ɓoyewa ya yi ba. Aro ba labari ba ne a wurinmu, ba abin da za ka hau tudu ka ɓata kiredin waya a kansa ba ne. Teknisiye ya duba wayarsa ya ga duka biyun suna amsawa, ya ce ba matsala.

Ɗiyata ta haihu a ƙarƙashin fitilar nan. Haihuwar ta zo da gardama, an ce da a duhu ne da ba a san yadda za ta ƙare ba. Mace aka samu, aka sa mata sunan Inna. Ina faɗin wannan don kada wani ya karanta ya ce mutanen banza ne suka ba da batir.

Batiran Majo ba su zo ba. Mu kuma ba mu tambaya ba, don ba a bin aro da tambaya alhali mai shi yana cikin buƙata. Bazara ta yi ta ja. Na gama saniya mai ƙaho guda, na shiga zama na uku, inda Inna ke faɗin yadda aka kawo ta garin nan a kan jaki tana kuka, da yadda ta iske surukarta tana daka da taɓarya mai tsage. Na fara sauri kaɗan. Mushe ya ce in na dage, kafin kaka zan kai ƙarshe.

Ruwan farko ya zo ranar kasuwar Buza, da la'asar. Rabin gari yana kasuwa. Ni ina gona ina kwashe duwatsu na ga gabas ta yi baƙi. Iska ce ta fara zuwa, irin wadda ke tafe da tsakuwa. Na fake a gindin wani dutse. Aka yi ruwa kamar ba za a daina ba, ƙorama ta cika ta fara ruri. Da ya tsagaita na taho gida cikin laka ina murna, don gobe shuka.

A bakin fili na ga kwanon rufi a kwance cikin ruwa. Na ɗaga kai. Kusurwar zauren ta gabas babu rufi, kuma saman bangon, da yake na laka ne, ya jiƙe ya zubo ciki. Daidai kan kantar.

Muka tona da hannu, ni da Mushe da wasu mutum biyu. Kantar ta karye. Na'urorin suna ƙasa cikin jar laka, guda a kan guda, ƙyallen adon yana naɗe da su. Dutsen da aka danne kwano da shi ya faɗo ya lotsa ta saman. Ruwa yana fita ta ramukan iskarsu.

Ban san abin da ya kai ni magaza ba. Na je na buɗe. A bushe take. Ko ɗigo bai shiga ba. Ga buhunan taki, ga ƴar kantar da babu komai a kanta, ga bakin wayar da aka binne yana leƙowa daga ƙasa.

Washegari kowa ya tafi shuka, don ƙasa ba ta jira. Ni ma na tafi. Farzidan ya wanke na'urorin ya shanya su a rana a kan tabarma, yana juya su kamar kuɓewa. Da suka bushe mai gyaran rediyo ya haɗa wadda ba ta lotse ba da batir, don a gani. Ta yi wani ƙara, ta yi wari, shi ke nan.

Teknisiye bai iso ba sai da ƙorama ta janye. Saƙo ma bai samu ba, don babu wadda ta rage da za ta aika. Farzidan ne ya kira shi. Ya shiga zaure ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya je magaza ya daɗe a tsaye. Muna jiran faɗa. Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ya fito ya zauna a kan benci, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Waya ta ce mini suna lahiya," in ji shi. "Ba ta ce mini suna ɗaki guda ba."

Farzidan ya ce, "Mun ga kamar kusa ya fi."

"Na sani, Alhaji."

"Likita ce ta..."

"Na sani. Na biyo ta can." Ya maida tabarau. "Ni ma da na zo gyaran fanka da na sake faɗi. Na ɗauka an ji."

Na tambaye shi ko akwai wani wuri na uku. Ya ce an yi niyya, can nesa ta rezo, amma rezonmu ba ya ɗaukar kaya mai nauyi irin murya, an bar shi sai an kafa ƙarfen rezo kusa. Ya kwance na'urorin ya ciro wasu ƴan faifai daga cikinsu ya naɗe a leda. Ya ce zai kai Tawa, in ba a iya ba ya aika Yamai. Ya ce kada in sa rai, kada kuma in cire.

Na yi noman farko, na yi maimai. Gero ya yi ciki, ya fidda kai. Duk ranar kasuwa ina tambayar Farzidan, har ya fara canja hanya in ya hango ni. Sai na daina, don ba shi da laifin da ya fi na kowa. Ana gab da girbi Teknisiye ya aiko da amsa. Guda ta fashe, guda ta ƙone. Ba a samu komai ba.

Da yamma na je gidan taubashiyata. Na iske ta tana murza ƙuli. Ta ga fuskata ba ta ce tsohon ɗan lakwal ba. Ta tura mini kujera da ƙafa.

Na ce, "Faɗa mini abin da ta ce."

Ta daɗe tana murzawa.

"Ta ce lokacin roron wake anka haife ka. Ta ce ba ka yi kuka da wuri ba, har ungozoma ta fara salati. Ta ce..." Ta tsaya. "Akwai wata magana ta zane. Wani zane da ta saya, ko da ta sayar, lokacin da ka yi ƙyanda. Ta daɗe a kanta. Har ta yi hawaye."

"Ta saya ko ta sayar?"

"Ɗan'uwa, tukunya na bisa wuta, kaji sun dame ni. Na ce ai abin yana ɗauka, mi zai sa in riƙe?"

"Ta faɗi sunana?"

Ta dube ni. Na ga tana so ta ce i. Da ta ce i da na karɓa na tafi da shi.

"Ina ji kamar ta faɗa," in ji ta. "Amma ba ni rantsuwa."

Na zauna har ta gama kwano guda, ta ba ni ƙuli mai zafi a takarda in kai wa yara. Na yi mata sai da safe.

An gyara rufin zaure. Majo ya maido batir bayan kaka, da godiya, suna nan a magaza ba abin da suke ciyarwa. Ajin bai mutu ba, mun koma allo da alli, kuma a haka na ƙarasa koyon abin da nake rubutu da shi yanzu. An ce za a kawo wasu na'urori. In an kawo, tsofaffin da suka rage za su sake magana, waɗanda suka yarda.

Abin da ruwan ya ci: kwano bakwai, kanta guda, na'ura biyu. Muryar tsofaffi goma sha ɗaya, huɗu daga cikinsu sun rasu. Na Inna zama shida ne. Biyu da rabi suna cikin kayena, littafina na aji, da rubutuna. Uku da rabi ban ji su ba.